Mahaifiyata da yayata duk aiki aka yi musu: ni ma tiyatar ce ke jirana?

Wata baiwar Allah mai cikin fari, wata shida, ta aiko da tambaya. Ta ce ita da 'yan'uwanta uku duk sai da aka yi wa mahaifiyarsu aiki aka ciro su. Yayarta ma da ta zo haihuwa, ta kwana ta yini tana naƙuda, a ƙarshe aka shiga da ita tiyata. Yanzu 'yan gida sun fara ce mata ta shirya kawai, abin a jininsu yake. Tana son ta sani ko da gaske ana gadon haihuwa ta tiyata, kuma in haka ne, ko gara ta nemi a sa mata ranar aiki tun yanzu ta huta da wahalar naƙuda.

'Yar'uwa, Allah Ya raba lafiya. Bari in fara da gajeriyar amsa, don na san mai ciki idan tunani ya hana ta barci ba dogon bayani take fara nema ba. Ita tiyatar kanta ba a gadonta. Shawara ce da likita ke yankewa a rana guda, a kan ciki guda, saboda dalili takamaimai. Abin da kan bi jini shi ne wasu daga cikin dalilan da ke kai mace ga tiyatar, kuma su ma ƙara yiwuwa kawai suke yi, ba sa yanke wa kowa hukunci.

Duk da haka ba zan ce 'yan gidanku sun yi magana a banza ba, domin an bi diddigin abin an ga akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙasar Norwe tana rubuta kowace haihuwa a kundi guda tun 1967, har da yadda aka haihu da nauyin jariri. Saboda haka ana iya ɗauko bayanin haihuwar uwa a ajiye shi kusa da na 'yarta bayan shekara ashirin da wani abu. Masu bincike sun yi hakan a wani aiki da aka wallafa a 2008, suka ga macen da aka haifa ta tiyata ta fi sauran mata yiwuwar a yi mata aiki a haihuwar fari da kashi 55 cikin 100. Wadda aka yi wa yayarta aiki, ƙarin nata kashi 45 ne. Namijin da aka haifa ta tiyata kuwa, ba a ga wani ƙari a haihuwar matarsa ba.

Wannan lambar tana firgita mutane ne domin a baibai ake karanta ta. Ba a ce mata 55 cikin 100 za a yi wa aiki ba. Ƙari ne a kan abin da ke akwai tun farko. Ki ɗauka a wani asibiti mata 20 cikin kowane 100 masu cikin fari ake yi wa aiki. Idan aka ware waɗanda aka haifa ta tiyata, adadin zai koma 31. Sauran 69 ɗin da kansu suka haihu, kuma su ne masu rinjaye.

Ga wani abin da nake so ki riƙe. A 1990 kusan kashi 7 cikin 100 na haihuwar duniya ne ake yi ta tiyata. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun nuna ya kai kashi 21, kuma ta yi hasashen zai kai 29 a 2030. A Birazil da Masar da Turkiyya haihuwar tiyata ta fi haihuwa da kai yawa, alhali a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan kashi 5 ne kacal, mata da yawa suna buƙatar aikin ba sa samu. Jinin ɗan Adam bai sauya a shekara talatin ba, ƙugun matan Masar ma bai tsuke dare ɗaya ba. Asibitoci ne suka sauya, da yadda likitoci ke yanke shawara, da shekarun da mata ke fara haihuwa, da ƙiba, da abin da mai ciki take ganin ya fi mata sauƙi. Uwa da 'ya da yaya kuma ba jini kaɗai suka haɗa ba. Sau da yawa asibiti ɗaya suke zuwa, labari ɗaya suke ji, tsoro ɗaya suke ɗauka. Duk wannan yana cikin waccan lambar ta 55.

Saboda haka idan kin zauna da Mama, kar ki tsaya a kan sau nawa aka yi mata aiki. Ki tambaye ta a na farko me likita ya ce. Na farkon nan shi ne mabuɗin labarin, ga kuma dalili. A 1916 wani likita a Amurka, Edwin Cragin, ya faɗi maganar da ta zama kamar doka tsawon shekaru, cewa wadda aka taɓa yi wa aiki, aiki za a ci gaba da yi mata. A zamaninsa yana da hujja, don a tsaye ake tsaga saman mahaifa, kuma irin wannan tabon yana iya yagewa a naƙuda ta gaba. Daga baya aka koma yanka a kwance a ƙasan mahaifa, hanyar da wani likita, Munro Kerr, ya yaɗa a shekarun 1920, wadda tabonta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma maganar Cragin ta daɗe tana aiki a asibitoci bayan dalilinta ya yi rauni, kuma har yau idan an yi wa mace aiki sau biyu, yawancin likitoci aiki suke shirya mata a na uku. Kenan tana yiwuwa tiyata huɗun da aka yi wa mahaifiyarki dalili ɗaya ne ya haife su, sauran ukun tabon farko suka biyo. A gida ana ƙirga huɗu, ni a wurina ɗaya ce.

Idan ta ce miki mabiyiya ce ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko igiyar cibiya ta riga jariri fitowa, ko jariri ya gitta, ko bugun zuciyarsa ya sauka ana cikin naƙuda, to ki sauke ajiyar zuciya. Waɗannan na wancan cikin ne, ba kaya ne da ake miƙa wa 'ya ba.

Inda ake buƙatar zama a yi magana shi ne idan ta ce an ce ƙugunta ya yi ƙanƙanta, ko ƙofa ta ƙi buɗewa. Wannan shi ne dalilin da na fi ji a bakin mata, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta.

Gaskiya ne tsawon mutum yana bin gado sosai, faɗin ƙashin ƙugu kuma yana tafiya da tsawo, kuma gajerun mata sun fi dogaye yiwuwar a yi musu aiki. Amma ƙugun da mace ta tashi da shi ba gado kaɗai ya gina shi ba. Yarinyar da ta yi fama da rashin abinci mai gina jiki ko yawan ciwo tana ƙarama, ƙashinta ba ya kai girman da ya kamata ya kai. Ƙarancin sinadarin kalsiyam da bitamin D yana lanƙwasa ƙasusuwan yaro, har da na ƙugu. Karaya a ƙugu ko shan inna suna iya karkata shi. Sannan ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa wasu shekaru bayan yarinya ta fara al'ada, har bayan tsawonta ya tsaya, don haka wadda ta haihu da ƙarancin shekaru sosai ta haihu ne da ƙugun da bai gama girma ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga jinin 'yarta. Idan kin fi mahaifiyarki tsawo, kin fi ta samun kulawa kina yarinya, kin fi ta shekaru a cikin fari, to ƙugunki ba nata ba ne, ko da kamanninku ɗaya.

Ƙugu kuma ba zoben ƙarfe ba ne. Ƙasusuwa ne da gaɓoɓi suka haɗa, sinadaran ciki suna sassauta gaɓoɓin, tsugunne da durƙuso suna ƙara buɗe ƙofar ƙasa. Kan jariri ma ba dutse ba ne. Madigar nan da kike gani tana motsi a kan jinjiri alama ce cewa ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, suna iya hawa kan juna kaɗan ya matse ya wuce. Sai kuma abin da mutane ba su cika sani ba, wato yadda ya shigo da kan. Jaririn da ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji, faɗin da yake turowa kusan santimita 9.5 ne. Shi ɗin dai, idan bai sunkuya ba, sai ya turo kusan 11.5. Jariri ɗaya, ƙugu ɗaya, amma bambancin santimita biyu, kuma a wannan hanyar santimita biyu ba ƙaramin abu ba ne. Haka idan ya juyo fuskarsa tana kallon cikin uwa maimakon bayanta, naƙuda takan yi tsawo, ciwon baya ya tsananta. Mata da yawa da aka rubuta musu cewa kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, a ciki na gaba sun haifi wanda ya kai na farko nauyi da kansu, domin a karon farko kwanciyar kai ce ta ba da matsala.

Shi ya sa ba na yarda da wanda zai dube ki a tsaye, ko ya tambayi lambar takalminki, ya ce ba za ki iya haihuwa ba. Likitoci ma sun gwada auna ƙugu da hoton ƙashi shekaru masu yawa, tun bayan da wasu likitoci biyu, Caldwell da Moloy, suka kasa siffar ƙugun mata gida huɗu a 1933. Da aka tattara sakamakon gwaje-gwajen sai aka ga awon yana ƙara yawan tiyata ne ba tare da an ga ya amfani jarirai ba, aka daina yin sa don wannan manufa. In ban da nakasa bayyananniya a ƙashi, naƙudar ce kaɗai ke nuna ko jariri zai wuce, naƙudar da ake yi a gaban wanda ya san aikinsa yana bin ta sa'a bayan sa'a.

Labarin yayarki kuma na doguwar naƙuda ne, kuma a nan ma akwai ɗan rabon gado. Mahaifa tsoka ce, ƙarfin matsawarta da saurin laushin bakinta sun bambanta daga mace zuwa mace. Wani bincike da aka yi a Suwidin a kan 'yan'uwa mata, aka wallafa a 2004, ya ƙiyasta cewa gado yana da kusan kashi 28 cikin 100 na abin da ke sa naƙuda ta yi jinkiri. Sauran kaso mafi girma na wasu abubuwa ne. Kuma naƙudar da ta yi sanyi tana da magani a asibiti, ana fasa faya ko a sa ruwan naƙuda ana ƙirga ɗigonsa ana sauraren zuciyar jariri. Na ce a asibiti da gangan. Allurar naƙuda ko wani abin sha da za a ba mace a gida don a gaggauta haihuwa yana iya fasa mahaifa, kuma na ga abin da hakan ke jawowa, ba na fatan kowa ya gani.

Ki tambayi yayarki daga yaushe aka fara ƙirga kwana da yinin nan. Naƙudar fari doguwa ce ga kusan kowa. Akwai matakin farko da ciwo ke zuwa yana tafiya, bakin mahaifa yana laushi a hankali, wanda ke iya ɗaukar yini guda ko fiye ba tare da wata matsala ba. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ana ƙirga naƙuda mai ƙarfi ne daga lokacin da bakin mahaifa ya kai santimita 5, kuma daga nan mai cikin fari tana iya kai sa'a 12 kafin ya gama buɗewa. Ƙa'idojin sun ce buɗewar da ba ta kai santimita ɗaya a sa'a ba, ita kaɗai ba hujjar gaggauta naƙuda ko yin tiyata ba ce muddin uwa da jariri suna lafiya. A da ana yanke hukunci da wuri fiye da haka.

Akwai wanda ake mantawa da shi a wannan lissafin, wato maigidanki. Rabin jaririn nasa ne. Girman jariri da girman kansa suna ɗaukowa daga ɓangarorin biyu. Har zuwan jariri a zaune, wato ya turo ɗuwawu ko ƙafa maimakon kai, an ga yana bin dangi ta wajen uwa da ta wajen uba. A Norwe ɗin dai, wani binciken na 2008 ya nuna cewa mace ko namijin da aka haifa a zaune bayan cikarsa wata tara, yiwuwar ɗansa na fari ya zo a zaune ta ninka fiye da sau biyu. Amma jarirai 3 zuwa 4 cikin 100 ne ke zama a haka har ƙarshen ciki, don haka ko an ninka, kaɗan ne. Idan kuma an gano da wuri, ƙwararren likita yana iya juya jaririn ta saman ciki a wajen mako na 36 zuwa 37, kuma kusan rabin lokuta ana dacewa. To ki tambayi surukarki ma yadda aka haifi mijinki da nauyin da ya zo da shi.

Yanzu ga ɓangaren da sanin tarihin gida ya fi amfani a cikinsa, domin a nan ne ake iya yin wani abu tun kafin ranar haihuwa. Idan Mama ko yayarki ta ce hawan jinin masu ciki ne ya sa aka ciro jaririn, ko ta kumbura, ko ta yi jijjiga, wannan magana ce da dole likitanki ya ji. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi wannan ciwon, haɗarinta ya kusa ninka sau uku, cikin fari kuma shi ma yana ƙara haɗarin. Ga wadda likita ya ga ta cancanta, ana ba da ƙaramin asfirin kullum bayan mako na 12, an fi so a fara da wuri, wasu kuma a ƙara musu kalsiyam. Kar ki saya ki fara sha da kanki, ki bari shi ya duba ko har yanzu zai amfane ki a watan da kike. Abin da ke hannunki shi ne kar a tsallake awon hawan jini da na fitsari a kowane zuwa awo, kuma idan kin ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko zafi a saman ciki ta dama, ko fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya, ki tafi asibiti a wannan sa'ar, kar ki jira ranar awo.

Ciwon suga ma yana bin gida. Idan iyayenki ko wani ɗan'uwanki na jini yana da shi, kina cikin waɗanda ya kamata a gwada, kuma lokacin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28 ne, wato daidai inda kike yanzu. Sugan da ya hau ba a sani ba yana sa jariri ya yi ƙiba fiye da kima, musamman a kafaɗu, kuma jaririn da ya wuce kilo 4 ya fi wahalar fitowa. Idan an gano an daidaita shi, yawanci jaririn kan zo da girman da ya dace. Ƙarin mahaifa da ake kira faibiroid shi ma yana bin dangi, amma hoton ciki zai nuna shi, kuma mafi yawansu ba sa tare hanya sai wanda ya zauna a ƙasa kusa da bakin mahaifa. Cikin da ke wuce lokaci ma akan gan shi a uwa da 'ya, maganinsa a san kwanan cikin daidai, a tayar da naƙuda idan ya kai mako 41.

Akwai tambayoyi uku da ba su shafi ko za a yi miki aiki ba, amma sun shafi lafiyarki idan an zo yi, kuma ba kasafai mata ke kawo su da kansu ba. Ko a danginku an taɓa samun wanda aka yi wa allurar barci ya daɗe bai farfaɗo ba, ko numfashinsa ya ƙi dawowa, ko jikinsa ya yi zafi mai tsanani a kan gadon tiyata? Waɗannan gado ne na zahiri, kuma mai ba da allurar barci yana sauya magungunan da zai yi amfani da su idan ya sani. Ko akwai masu zubar jinin da ba ya tsayawa da wuri, a haihuwa ko cire haƙori ko al'ada? Ko akwai wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko a huhu, musamman bayan haihuwa? A ganina amsar waɗannan ta fi amsar sau nawa aka yi wa Mama aiki daraja.

Sai batun neman a sa miki rana. Shawarata ita ce kar ki nemi tiyata saboda tarihin gida kaɗai. Aikin ya yi sauƙi ƙwarai a wannan zamani, yawanci allurar baya ake yi mace tana farke ta ji kukan ɗanta, amma har yanzu babban aiki ne. Zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta a ciwo da daskarewar jini sun fi yawa bayansa, jinya ta fi tsawo, jaririn da aka ciro kafin mako 39 kuma ya fi samun wahalar numfashi. Abin da ya fi damuna ma ba wannan cikin ba ne, na gaba ne. Kowane tabo a mahaifa yana ƙara yiwuwar mabiyiya ta zauna a ƙasa ko ta manne ta ƙi fita a ciki na gaba, haɗarin yana hawa da kowace tiyata, kuma mannewar mabiyiya tana iya kaiwa ga cire mahaifa gaba ɗaya. Ga macen da ke fatan haihuwa da yawa, tiyatar farko shawara ce da ta shafi duk cikin da zai biyo baya. Idan akwai dalili, a yi ta ba tare da jinkiri ba. Idan babu, ki ba jikinki dama ya gwada.

Na san tsoro ma ana gadonsa, ta baki. Yarinyar da ta tashi tana jin labarin yadda mahaifiyarta ta sha wuya, ta kuma ga yayarta a gadon asibiti, ba laifinta ba ne idan gabanta yana faɗuwa. Idan tsoron ya kai yana hana ki barci ko cin abinci, ki faɗa wa ungozoma ko likita kai tsaye. Wannan abu ne da ake zama a tattauna, a yi miki bayanin hanyoyin rage zafin naƙuda da ke akwai a inda za ki haihu, a tsara abin da za a yi idan kaza ya faru. Mata da yawa da suka zo suna roƙon tiyata, da aka zauna da su sai aka ga abin da suke tsoro shi ne a bar su su kaɗai cikin ciwo ba mai sauraren su.

Amma akwai ɗaya fuskar tsoron, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ita ce macen da ta ƙudura cewa ita sai ta karya abin gidansu, ta ƙi zuwa asibiti da wuri don kar a ce aiki, ko a ce mata aiki ta ƙi sa hannu, ko mijinta ya ƙi. Naƙudar da ta toshe ba ta buɗewa da haƙuri. Kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, daga nan ake samun yoyon fitsari. Mahaifa tana iya fashewa, jariri yana iya rasuwa a ciki, uwar ma tana iya bi. Mahaifiyarki tana raye, ku huɗu kuna raye, yayarki tana rungume da ɗanta, kuma wataƙila tiyatar nan ce sanadi. Wadda aka yi wa aiki ta haihu, ba ta gaza a komai ba. Idan ranar ta zo likita ya ce zuciyar jariri tana sauka ko kan ya tsaya ba ya motsi duk da naƙuda mai ƙarfi, ki tambayi dalili, haƙƙinki ne a yi miki bayani, sannan ki yarda da wuri. Ki kuma yi wannan maganar da maigidanki tun yanzu, kar sai kina kan gado ana neman sa hannunsa.

Abin da tarihin gidanku ya kamata ya sauya shi ne inda za ki haihu. Ki zaɓi asibitin da ke da ɗakin tiyata mai aiki dare da rana, da mai ba da allurar barci, da jini idan an buƙata, ki kuma san yadda za ki isa can ko da tsakar dare ne. Ki cika zuwa awo, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta mayar da shi aƙalla sau 8. Ki ci gaba da tafiya da motsa jiki daidai gwargwado, ki lura kar nauyi ya hau fiye da kima. Ranar naƙuda, idan asibitin ya yarda, ki samu mace guda da kika amince da ita ta zauna tare da ke daga farko har ƙarshe. Abin kamar ƙarami ne, amma da aka haɗa gwaje-gwaje da yawa an ga matan da suka samu mai tsaya musu haka, yiwuwar tiyatarsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ki zaɓi mai kwantar da hankali, ba wadda za ta riƙa tuna miki abin da ya faru da yayarki ba. Muddin ba a hana ki ba, ki tashi ki zaga, ki durƙusa, ki jingina, kar ki kwanta rigingine tun daga farko.

Ki isar wa yayarki wannan ma, don na tabbata an riga an ce mata ita kam shi ke nan, aiki ne har abada. Idan sau ɗaya aka yi mata, kuma a kwance aka yanka ƙasan mahaifa, mata kusan uku cikin huɗu masu irin tabonta da suka gwada naƙuda a ciki na gaba sun haihu da kansu, ko da yake adadin kan ɗan ragu ga wadda doguwar naƙuda ce ta kai ta tiyatar farko. Haɗarin tabon ya buɗe kusan ɗaya cikin 200 ne, shi ya sa ba a gwada wannan a gida ko a ƙaramin wurin da babu tiyata. Ta ba da tazara, aƙalla wata 18 tsakanin haihuwa da haihuwa, shekara biyu kafin sabon ciki ya fi. Tabon da ke kan fatar cikinta ba lalle ya nuna yadda aka yanka mahaifar ba, don haka ta koma asibitin da aka yi mata aikin ta nemi a rubuta mata dalilin tiyatar da irin yankan da aka yi, ta adana takardar. Ke ma ki karanta dalilin da aka rubuta a ciki, ki haɗa da abin da Mama ta gaya miki, ki tafi da su awonki na gaba.